Shiru a Laburare? Wa Ya Mutu?

Tun ban ce uffan ba na ga ka yatsine fuska. Na san ka ai, sarkin musu. Ka hango kalmar laburare a sama, ka ce a ranka yau ma 'yan boko sun zo da wa'azinsu na a riƙa karatu. Kwantar da hankalinka, Malam. Ba wa'azi na kawo ba, tsokana ce fal cikina, kuma a ƙofarka na yi sallama.

Bari in zana maka hoton da ke cikin kanka, in na kuskure ka tsayar da ni. Gini ne mai koɗaɗɗen fenti a bayan sakatariya. Kantoci sun sha ƙura har kana iya rubuta sunanka a kai da yatsa. Fanka ta daina juyawa tun mulkin soja. A bakin ƙofa ga wani dattijo yana gyangyaɗi, ba ya farkawa sai ka yi tari, ya ɗago ya harare ka, ya koma. A ciki mutum uku ne: biyu 'yan jarrabawa ne da barci ya kayar a kan littafi, na ukun cajin waya ya kawo shi, shi ma bai dace ba don an ɗauke wuta. Na yi ƙarya? Ban yi ba. Ni ma na san ginin, garin ne dai ba zan faɗa ba. Ranar da na je, kwaɗo na tarar a ƙofa, da wata tunkiya tana tuƙa a baranda, aka ce mai makulli ya tafi ɗaurin aure. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Amma don ka san laburare ɗaya mai ciwon barci, ba shi ke nan ka san laburare ba. Akwai wani iri a ƙananan garuruwan Amurka, wanda in ka faɗa cikinsa da hantsi a tsakiyar mako sai ka ɗauka gidan suna ka shigo. Jarirai na rarrafe a kan kafet, iyaye mata na tafi, ga wata mata ta zauna dirshan a ƙasa da littafi a hannu tana kukan saniya da iyakar ƙarfinta. Ita ce ma'aikaciyar laburaren. Albashi ake biyan ta don ta yi kukan nan.

Ka ce me? Ai Amurka ƙasar masu kuɗi ce, in sun ga dama ko kaji sai su gina wa laburare? Na san ta nan za ka ɓullo. To riƙe wannan. Laburaren da ake lissafawa a matsayin na farko a ƙasar da aka buɗe wa kowa kyauta da kuɗin jama'a, ba a New York yake ba, ba a Washington ba. A wani ɗan gari ne na jihar New Hampshire mai suna Peterborough, wanda har yau mutanensa ba su kai 7,000 ba. Ranar 9 ga Afrilu, 1833, mutanen gari suka zauna taronsu, bayan wani limamin coci, Abiel Abbot, ya yi ta nacin abin, suka amince a ware kuɗi a sayi littattafai. Guda nawa? Wajen 100. A ina aka ajiye su? A cikin kantin sayar da kayan masarufi, wanda shi ne kuma gidan wayar garin. Ka zo sayen gishiri, ka karɓi wasiƙarka, ka ari littafi, ka kama hanya. Sai da suka shekara 60 kafin su samu gini na kansu, a 1893. Yanzu dube ni da kyau. Garinku ba kanti? Ko kwali biyu na littattafai ne ya fi ƙarfinku, ku da kuke kayar da shanu uku don an naɗa wa ɗanku rawani?

Daga kantin nan abin ya yaɗu, har yau gine-ginen laburaren jama'a a Amurka, in an haɗa da rassa, sun haura 16,000. Gidajen abincin McDonald's da kake ji kamar a kowace kwana suke, ba su kai 14,000 ba. Ka ga ke nan mutanen da kake wa kallon ba abin da suka sani sai nama cikin burodi, wuraren aron littafinsu sun fi wuraren burodin yawa.

Na ji gunaguninka: wai ai wani attajiri ne ya gina musu. Madalla! Ashe ka taɓa karanta wani abu. Andrew Carnegie kake nufi, ɗan masaƙi daga Sikotland, wanda ya sauka Amurka a 1848 yana ɗan shekara 12, ya fara ƙwadago a masana'antar auduga kan dala 1.20 a mako. Wani Kanar James Anderson yakan buɗe wa yara 'yan ƙwadago ɗakin littattafansa, wajen guda 400, duk ranar Asabar su ara. Yaron bai manta ba. Da ya zama sarkin ƙarfe, kuɗinsa suka gina laburare 2,509 tsakanin 1883 da 1929, guda 1,689 a Amurka, da yawansu a garuruwan da jirgin ƙasa ma da ƙyar yake tsayawa. Sai dai labarin rabi ka ji, kamar yadda ka saba. Gini kawai yake bayarwa. Gari ne zai kawo fili. Gari ne zai sa hannu cewa duk shekara zai fitar da kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin daga harajinsa, don littattafai da albashi da gyara, kuma ƙofa a buɗe ga kowa ba ko kwabo. Ba ku yarda ba, ba ku samu ba. Mutumin ya san halin ɗan Adam: ginin da aka ba ka a banza, tunkiya ce ke gadonsa.

Kar ka je ka ce na ce waliyyi ne. Ma'aikatansa sun ɗanɗana kuɗarsu, a yajin aikin Homestead na 1892 har rayuka suka salwanta, kuma akwai garuruwan da suka ce ya riƙe kuɗinsa ba sa so. Amma sharaɗin nan nasa, ina ma a kafe shi a jikin kowace rijiyar burtsatse da ɗan siyasa ya yanke wa kyalle.

Mu koma wajen mai kukan saniya, don na ga har yanzu tana cin ranka. Ka ce jariri ɗan wata takwas me ya sani da littafi, in ba taunawa ba? Taunawar ma an shirya mata. Littattafan jarirai da kwali mai kauri ake yin su, ya ciza, ya jefar, ya zauna a kai, suna nan. Zaman bai wuce rabin sa'a ba, yawanci sau ɗaya a mako: 'yar waƙa, wasan yatsu, littafi mai manyan hotuna, sannan a zube kayan wasa a bar su su yi ta dambe. Ba wanda ya ce yaron zai fita yana karanta jarida. Kunnensa ake cikawa da kalmomi, idonsa ya saba da cewa wannan abin ana buɗe shi, ana juya shafi, kuma murya mai daɗi na fitowa daga cikinsa. Rabin darasin ma na uwar ne. Tana ganin yadda ake yi, ta koma gida da jaka cike da littattafai. Sannan ka tuna garin da dusar ƙanƙara ke rufe ƙofa wata da watanni, gidaje nesa da juna, ba kishiya, ba facala, ba maƙwabciyar da za a leƙa ta katanga a ce ina kwana. Ga mai jego a irin wannan wuri, zaman nan shi ne bakin rijiya.

Kuma wai kai ne za ka raina wannan? Kai da ka tashi a gindin kakarka, kana zare ido ana ba ka labarin Gizo da Ƙoƙi, har ka ƙi fita fitsari don tsoron Dodo? Ka ce ai tatsuniya da dare ake yi, mai yin ta da rana ɓacewa yake? To su sun fi shekara 100 suna yin ta da rana tsaka, ba wanda ya ɓace. Mu da muka tsaya jiran dare, daren ya zo, kaka na kallon fim, jika na latsa waya, Gizo ne ya ɓace.

In zai sanyaya maka rai, kakanninsu ma irin musunka suka yi. A ƙarshen ƙarni na 19 laburare da yawa a can ba sa barin yaro ya shigo sai ya kai shekara 12 ko 14, wai zai ɓata littafi, zai yi surutu. Wata mata, Anne Carroll Moore, ta karɓi ɗakin yara a cibiyar Pratt da ke Brooklyn a 1896, ta koma babban laburaren New York a 1906, ta sa aka kawo ƙananan kujeru da tebura daidai tsawon yara, aka sa lokacin ba da labari, aka soke maganar shekaru. Masu musu suka sha ƙasa. Kai ka zo fagen ne bayan an tashi daga dambe da shekara 120, kana ɗaure hannu.

Akwai wani shiri da ya samo asali daga ƙaramin garin Bremen na jihar Indiana, yanzu ya cika ƙasar: a karanta wa yaro littafi 1,000 kafin ya shiga makaranta. Mayar da idonka, kar ya faɗo. Dubu, e. Yi lissafi da ni, in ba shi ma kana da ja a kansa. Littafi ɗaya kowane dare, shekara guda 365, shekara uku 1,095. Har da ragowar canji. Kuma maimaici ma ana ƙirgawa, wanda duk mai ɗan shekara biyu a gida ya san rahama ce, don yaro zai sa ka karanta masa labarin agwagwa ɗaya har ka fara mafarkinta. Duk ɗari da aka cika, a zo laburare a karɓi 'yar lamba a manna, a yi masa tafi kamar ya ci zaɓe. Littattafan fa, daga ina? Daga kanta, kyauta. Wasu garuruwan ma har gida ake aiko wa yaro nasa na kansa duk wata, daga haihuwa zuwa shekara 5, ta shirin da mawaƙiya Dolly Parton ta fara a 1995 a yankinsu na Sevier da ke jihar Tennessee, saboda mahaifinta bai iya karatu da rubutu ba. Zuwa 2023 shirin ya raba littafi miliyan 200. Mawaƙiya fa, Alhaji. Kai da kake yi wa mawaƙa liƙi, ka taɓa tambayar ina kuɗin ke zuwa?

Yanzu dafe hularka, don ga wanda zai sa ka miƙe tsaye. Suna kawo kare.

Na sani, na sani. A'uzubillahi, kare a cikin littattafai! Zauna tukuna. An fara abin ne a birnin Salt Lake a 1999, ya bazu har ƙananan garuruwa. Kare ne horarre, mai sanyin hali, da mai shi a gefe. Yaron da karatu ke yi wa tutsu, wanda in an ce ya karanta a aji sai murya ta sarƙe, shi ake ba minti goma sha biyar ya zauna ya karanta wa karen da ƙarfi. Ka ce kare ya san abin da ake faɗa? Bai sani ba, kuma nan ne duk hikimar take. Bai san an yi kuskure ba. Ba ya dariya. Ba ya tsaki. Bai taɓa cewa daƙiƙi ba, bai taɓa cewa ɗan maƙwabta ya fi ka ba, bai taɓa ɗauko bulala ba. Kai fa, ranar da ɗanka ya tsaya yana haɗa baƙi a gabanka, me ka ce masa? Kar ka amsa, na ji ta katanga. Ni ma ban ce a shigo mana da kare ba, kowa da al'adarsa da tsarkinsa. A kawo ɗan akuya. A kawo kyanwa. In duk an rasa, a kawo ka, da sharaɗin za a ɗaure maka baki.

Wani lokacin ma 'yar tsana ake gayyata kwana. Yara su kawo 'yan tsanarsu da yamma su tafi gida, ma'aikata su bi dare suna ɗaukar su hoto, wannan tana latsa kwamfuta, wancan ya hau kanta yana karatu, da safe a ba kowane yaro tasa da hotunan ɓarnar da ta yi. Ka ce rashin aikin yi? Yaron da ya ga 'yar tsanarsa ta zaɓi littafi, ba ya barin wurin sai da littafin nan.

Babban lokacin laburaren can shi ne dogon hutu. Makarantu a can kan rufe daga wajen Yuni zuwa ƙarshen Agusta, kuma malamai sun daɗe da lura cewa yaron da ya yi wata biyu da rabi bai buɗe littafi ba, yakan dawo ya zubar da wani abu daga abin da ya koya. Wannan kam ba sai an haye teku ba, tambayi duk malamin firamare a makon farko na komawa. Tun shekarun 1890 laburare suka fito da gasar karatun hutu. A ba yaro takarda yana rubuta abin da ya karanta, ya tara maki, ya karɓi kyautar da masu shagunan gari suka bayar, ko askirim ko tikitin wani wasa. A tsakani kuma a yi ta jawo su da dabara: yau mai rufa-ido, gobe 'yan kwana-kwana da jar motarsu yara su hau su danna jiniya, jibi wani ya zo da macizai da kunkuru daga gidan dabbobi. Gardi ke nan, sai dai nasu yana da katin shaida. Da aka yi husufin rana na 8 ga Afrilu, 2024, laburare ne suka raba wa jama'a miliyoyin tabarau na musamman kyauta, aka taru a fili ana kallo. Mu da gwangwani da ganga muke fita, su da tabarau, rana dai ta saki a duka wuraren.

Har abinci ake ci. I, a cikin laburare, kusa da littattafai. Yara da yawa a can a makaranta suke samun abincin rana kyauta ko da rangwame, in an yi hutu tukunyar ta sauka. Gwamnatin tarayyarsu na da shirin ciyar da yara lokacin hutu tun 1968, kuma laburare na cikin wuraren da ake rabawa. Ka ce ashe akwai mai jin yunwa a Amurka? Akwai, Malam. Fim ne bai nuna maka ba.

Sai maganar aro, inda na san za mu ɓata. Kana tsammanin littafi kaɗai ake ara? A garuruwa da dama na jihohin tsakiya irin su Iowa da Kansas, akwai kanta guda na kwanonin gasa kek, mai siffar zomo, mai siffar mota, mai siffar zuciya. Ka miƙa katinka, ka ɗauka, ka gasa, ka wanke, ka dawo da shi. Wasu na ba da sandar fatsa, wasu guduma da zarto, wasu keken ɗinki. A 2004 wani ma'aikacin laburaren ƙaramin garin Gardiner a jihar New York, Ken Greene, ya fara ba da aron iri: ka ɗauki ƙwayar tumatir ko wake, ka shuka, in kaka ta yi ka dawo da sabon iri a zuba wa na baya.

Ka ce kayan aro ba ya rufe katara? Kai! Wa ke magana? Ba gidanka ne aka aiko yaro aron turmi shekaranjiya ba? Tandar wainar da aka yi sunan autarka da ita, taku ce? Manyan tukwanen biki, tabarmi, tsani, har babbar rigar da ka je neman aure da ita, in tona? Manomin da bai taɓa karɓar iri wajen ɗan'uwa da alkawarin biya bayan girbi ba, ya ɗaga hannu. Mu ne sarakunan aro. Bambancin kawai, su sun tara kayan a ɗaki ɗaya sun rubuta a littafi, ba sai ka yi gaisuwa mai tsawo ka tambayi lafiyar surukai ba, kuma ba mai yi maka gori ranar da kuka yi faɗa.

Na san abin da ke bakinka. A nan in aka yi haka, mako guda kanta za ta koma fayau, kwanon kek ya koma kwanon awo. Wato kai kaɗai ne mai amana a garin, sauran duk ɓarayi? Su ma can ana riƙe littafi, ana ɓatarwa, kare ma yana cinyewa. Shekara da shekaru suna cin tara a kan kowace ranar da aka makara. Daga baya suka lura tarar ba littafi take dawowa da shi ba, mutane take kora, musamman yaran talakawa: bashi ya taru, uwa ta ji kunya, ta hana yaro komawa, an yi asarar littafi an yi asarar yaro. Birnin Chicago ya soke tarar makara a 2019, New York ta bi a 2021, ƙananan garuruwa da yawa suka yi haka, sai ga littattafan da aka fid da rai da su suna dawowa. In ka ɓatar gaba ɗaya za ka biya, wannan ba gardama. Amma kunya ce ta fi riƙe littafi a gida, ba sata ba. Ka tuna da wannan, za mu dawo kanta.

To ai yanzu waya ta kashe duk wannan, ko? Komai yana cikin intanet? Sannu, injiniya. Kai da ɗanka ke saita maka WhatsApp. Intanet ɗin ne ma ya ƙara musu aiki. Neman aiki ya koma ta fom a kwamfuta, haraji haka, tallafin gwamnati haka, ganin likita ma wani sa'in haka. A karkarar Amurka akwai gidajen da layin intanet mai ƙarfi bai kai ba, akwai tsofaffin da ba su san inda ake dannawa ba. Ina za su? Wajen mai kukan saniya. Da hantsi tana ƙasa da jarirai, da azahar tana gefen wani dattijo tana nuna masa yadda zai ga hoton jikarsa, da la'asar tana taya wani da aka sallama daga aiki rubuta takardar neman wani. Ga firinta, ga fotokwafi, ga intanet kyauta, har wasu kan faka mota a waje da dare su ja. Abin da kake biyan mai kafe ya yi maka yana ɗaga maka hanci ke nan. Littafin da ba su da shi kuma, su aika a aro daga laburaren wani gari, mota ta kawo. Tsohuwar da ba ta iya fita, a kai mata gida. Ranar tsananin zafi ko sanyi, kowa ya shigo ya zauna, ba mai tambayar me ka zo saya. Akwai ɗakin taro, yau mata masu saƙa, gobe manoma, jibi masu koyon Turanci da suka zo ci-rani. Zaure ne, Malam. Zauren gari, sai dai shi mata da yara ma suna da wurin zama a ciki.

Ga makaminka na ƙarshe, na gan shi a aljihu tun ɗazu: Bahaushe ba ya karatu. Wannan kam ƙazafi ne, kuma sai ka yi kaffara. Wa ya cika shagunan hayar littafi a Kano a shekarun 1990, lokacin da matan aure ke aiken yara su karɓo na ɗaya su mayar su karɓo na biyu, littafi ya zaga gida goma har bangonsa ya cire? Da kuɗinsu fa suke haya, ba kyauta ba. Wa ya zauna a ɗakunan karatu na En'e, waɗanda aka buɗe tun zamanin yaƙin duniya na biyu, yana jiran a gama da Gaskiya Ta Fi Kwabo a miƙo masa? Laburaren Jihar Arewa da aka kafa a Kaduna a 1952, akwatunan littattafai yake aikawa larduna. A Nijar kuwa akwai cibiyoyin CLAC a ƙananan garuruwa, shirin da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fito da shi tun 1986, wanda tun daga sunansa aka haɗa karatu da raya al'adu: ga littafi, ga wasanni, ga majigi. Kafin duk waɗannan, jajin Nana Asma'u, wato malamai mata da take aikawa, da malfunansu suna zaga ƙauyuka suna kai wa mata karatu har tsakar gida. Ƙishirwar tana nan. Randar ce aka bari ta fashe.

Kuma kar nisa ya zama hujja. A tsaunukan Kentucky, daga 1935 zuwa 1943, mata ne ke hawa doki da alfadari suna ratsa rafi su kai littattafai gida-gida kan dala 28 a wata. A Garissa ta Kenya raƙumi aka ɗora wa akwatunan. Ku da kowane lungu akwai mai babur yana hamma?

Zan ba ka abu ɗaya, don kar ka koma gida hannu rabbana. Ba aljanna ba ce. Laburaren ƙaramin gari a can ma da ƙyar yake numfashi. Wani kwana uku ko huɗu yake buɗewa a mako. Ma'aikaciya ɗaya ce, ita ce shugaba, ita ce mai ba da labari, ita ce mai gyaran firinta, wani lokacin ita ce mai share ƙanƙara a bakin ƙofa, albashin kuma ba abin a zo a gani ba ne. Yawancin kuɗin daga harajin gidaje na garin yake fitowa, in aka nemi ƙari sai an kaɗa ƙuri'a, kuma akan faɗi. Ana tayar da jijiyar wuya a zaman kwamiti kan wane littafi ya dace a ajiye a ɗakin yara, har maƙwabta su daina gaisawa. Giɓin da ya rage, 'yan sa-kai ne ke cikewa, su tara tsofaffin littattafai su sayar, su gasa kek su sayar, ƙila ma a kwanon da suka aro daga can. Gayya ce. Ko ita ma za ka ce daga Turai aka kawo mana?

Na ga ka yi shiru kana sosa ƙeya. Ba laifi, ba sai ka ce na yi nasara ba, na san ba a gadonku. Amma tunda muna maganar aro, kuma na ce za mu dawo kan kunya: littafin nan nawa mai jan bango, wanda ka karɓa ka ce kwana biyu kawai, tun ɗanka na fari yana goye. Yaron nan bana ya rubuta jarrabawar fita sakandare. Na soke tara, kamar Chicago. Ba zan tambayi shafukan da aka ƙulle ƙosai da su ba. Ka ba yaro ya kawo da yamma, ina gida.